Tarihin Mazan Jiya: Robat Burus, Ɗan Bakin Iyaka Da Ya Zama Sarkin Sikotilan

Yau za mu ƙetare teku ne zuwa arewacin tsibirin Birtaniya, ƙasar da ake kira Sikotilan, domin mu kawo muku asali da ƙuruciyar wani sarki nasu mai suna Robat Burus, wanda aka haifa a shekarar 1274, ya hau gadon sarauta a 1306, ya kuma rasu a 1329. Domin a gane zamanin da kyau, wannan sarki yana bisa karaga ne a lokacin da Mansa Musa na Mali ya yi shahararriyar tafiyarsa ta 1324.

Mutanen Sikotilan suna ɗaukarsa a matsayin gwarzon da ya ƙwato musu ƙasarsu daga hannun Ingila. To amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne gidan da ya fito. Gida ne na bakin iyaka, mai gonaki da dukiya a ƙasashe biyu, mai yin caffa ga sarakuna biyu. Muddin ana zaman lafiya, wannan riba ce kan riba. Ranar da sarakunan biyu suka ɓata kuwa, sai dukiyar ta zama igiya a wuya. Duk wanda ke da rumfa a wannan gefe da ajiya a wancan gefe ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Asalin gidan

Sunan Burus ba na Sikotilan ba ne. Ya samo tushe daga wani ƙaramin gari mai suna Brix a yankin Nomandi na arewacin Faransa. Mutanen Nomandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma daga nan baradensu suka riƙa ƙetarowa neman ƙasa da arziki. A zamanin Sarki Henri na ɗaya, wanda ya hau mulkin Ingila a 1100, wani barde mai suna Robat na Brix ya shiga hidimarsa, sarki kuwa ya saka masa da gonaki masu yawa a yankin Yorkshire. Shi ne ya gina gidan ibada na Guisborough, inda aka riƙa binne manyan gidan.

A fadar Sarki Henri akwai wani yarima ɗan Sikotilan mai suna Dauda, ƙanen matar sarki, wanda ya tashi a can. Shi da Robat suka ƙulla abota. Da Dauda ya gaji sarautar Sikotilan a 1124, sai ya ba abokin nasa wani babban kwari da ake kira Annandale, a kudu maso yammacin ƙasar, dab da iyakar Ingila. Ba kyautar banza ba ce. Ta wannan kwari babbar hanya ta yamma ta bi, saboda haka sarki yana son amintacce ya tsare masa ita. Daga wannan rana gidan Burus ya zama mai iyayen gida biyu.

Ba a ɗauki lokaci mai tsawo ba aka ga illar abin. A 1138 Sarki Dauda ya shiga arewacin Ingila da runduna domin ya taimaki 'yar 'yar'uwarsa Matilda a rikicin gadon sarautar Ingila. Robat ya je ya roƙe shi ya janye, sarki bai janye ba, sai Robat ya warware caffarsa ya koma cikin rundunar Ingila, aka gwabza kusa da garin Northallerton, Ingila ta yi nasara. Labarin da aka gada ya nuna cewa ƙaramin ɗansa, shi ma Robat, yana cikin rundunar Sikotilan a ranar. Bayan haka gidan ya rabu biyu: babban ɗa Adam ya riƙe gonakin Yorkshire, ƙaramin ya riƙe Annandale tare da yankin garin Hartlepool na Ingila. Daga wannan ƙaramin reshe sarkin da muke magana a kansa ya fito.

Akwai wani labari da ya daɗe yana bin gidan. An ce wani babban malamin kirista daga Ailan mai suna Malaki ya sauka a garin Annan, ya roƙi mai gidan ya yafe wa wani ɓarawo da za a rataye. Mai gida ya yi alkawari, amma da baƙo ya fito zai tafi sai ya ga ɓarawon a rataye, ya kuwa yi wa gidan baki. Ko yaya abin ya kasance, su 'yan gidan sun ɗauke shi da muhimmanci, domin fiye da shekara ɗari bayan haka kakan sarkin namu ya ba da fili domin a riƙa kunna fitilu a kabarin Malaki a Clairvaux ta Faransa. Mazaunin gidan kuwa ya tashi daga Annan ya koma Lochmaben.

Auren da ya kawo jinin sarauta

Har zuwa wannan lokaci gidan Burus hakimai ne kawai, ba su da jinin sarauta. Aure ne ya kawo musu shi. Mai Annandale na huɗu, shi ma sunansa Robat, domin a gidan nan kusan kowane magaji sunan ke nan, ya auri Isabel, 'ya ta biyu ga Dauda mai Huntingdon. Shi wannan Dauda jikan Sarki Dauda na ɗaya ne, kuma ƙane ga sarakunan Sikotilan biyu, Malkom na huɗu da Wiliyam. Isabel ta shigo gidan da yankin Garioch a arewa maso gabashin Sikotilan, da manyan gonaki biyu a yankin Essex na Ingila, Writtle da Hatfield. Ta hanyarta kuma suka sami kashi ɗaya cikin uku na Tottenham, wadda a yau unguwa ce a Landan da masu kallon ƙwallo suka san sunanta. Har yanzu akwai wani tsohon gini a can da ke ɗauke da sunan Burus.

Ɗansu, mai Annandale na biyar, shi ne kakan sarki, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa tasiri a kan tunanin gidan. Ya auri 'yar hakimin Gloucester, ɗaya daga cikin manyan gidajen Ingila. Ya yi yaƙi a bayan Sarki Henri na uku na Ingila, har aka kama shi a fagen Lewes a 1264. Ya kuma bi 'ya'yan sarkin Ingila zuwa Akka a gaɓar Sham, a ɗaya daga cikin yaƙoƙin gicciye na ƙarshe. Amma duk tsawon rayuwarsa idonsa na kan gadon Sikotilan, kuma ya riƙa cewa Sarki Alekzanda na biyu ya taɓa ayyana shi magaji a lokacin da sarkin bai sami ɗa ba tukuna.

Uwar sarki

Mahaifin sarki, mai Annandale na shida, mutum ne mai sanyin hali idan aka kwatanta shi da ubansa da ɗansa. Abin da ya fi shahara da shi shi ne yadda ya yi aure. A yammacin Sikotilan, a bakin teku mai fuskantar Ailan, akwai ƙasar Carrick, wadda magajiyarta mace ce mai suna Marjori, 'yar Nil hakimin Carrick. Mijinta na farko, Adam na Kilconquhar, ya rasu a Akka. Tsoffin littattafan tarihin ƙasar sun kawo cewa wata rana ta fita farauta da jama'arta sai ta haɗu da saurayin gidan Burus yana ratsa ƙasarta. Ta gayyace shi, ya yi nawa, sai ta kama linzamin dokinsa da kanta ta ja shi zuwa gidanta mai ganuwa a Turnberry. Ya yi kwana 15 ko fiye a can, aka ɗaura musu aure ba da sanin sarki ba.

A wancan zamani magajiyar babbar ƙasa ba ta aure sai da yardar sarki, domin duk wanda ya aure ta shi zai riƙe ƙasar da mayaƙanta. Sarki Alekzanda na uku ya fusata, ya karɓe Turnberry, sai da aka biya shi tara mai kauri kafin ya mayar. Wasu masana na ganin cewa labarin kama ango dabara ce ta kare shi daga fushin sarki. Abin da ya tabbata shi ne, da wannan aure gidan Burus ya sami babbar sarautar Carrick, ya kuma shiga dangantaka da tsoffin gidajen yamma masu magana da harshen Gelik, waɗanda jiragen ruwansu ke kai da kawo tsakanin tsibirai da Ailan.

Haihuwa da tarbiyya

An haifi Robat ranar 11 ga watan Yuli na 1274, kuma akasarin masana sun tafi a kan cewa a Turnberry ne. Shi ne babban ɗa namiji. Ƙannensa maza huɗu ne, Edwad, Nil, Tomas da Alekzanda, akwai kuma 'yan'uwa mata, cikinsu har da Isabel, Meri da Kiristina. Ku riƙe waɗannan sunaye, domin za mu dawo kansu.

Yaro irinsa yana tashi ne da harsuna da yawa a baki. Faransanci shi ne harshen manya da fada, a Ingila da Sikotilan baki ɗaya. Gelik shi ne harshen mutanen uwarsa a Carrick. Turancin arewa shi ne na garuruwa da kasuwanni, Latin kuwa na takardu da ɗakin ibada. A ƙasashen Gelik akwai al'adar ba da ɗa riƙo ga wani gida domin a ƙarfafa zumunci, irin wadda mu ma muka sani, kuma tsohon labarin rayuwar Robat ya ambaci ɗan'uwansa na riƙo. Sauran tarbiyyar kuwa ta 'ya'yan barade ce: hawan doki, sarrafa takobi da mashi da gatari, farauta, da zama a bayan manya ana yanke shari'a. Gidan bai yi watsi da karatu ba, domin ƙanensa Alekzanda ya yi karatu a jami'ar Kambirij. Farkon inda sunan Robat ya fito a takarda shi ne cikin jerin shaidun wata kyauta da mai tsibirin Islay ya ba gidan ibada na Paisley, inda aka rubuta shi tare da mahaifinsa.

Ƙuruciyarsa ta zo a lokacin kwanciyar hankali. Sarki Alekzanda na uku ya auri ƙanwar Sarki Edwad na ɗaya na Ingila, iyaka a buɗe take, fatake na wucewa. Garin Berwick, a bakin kogin Tweed kan iyakar gabas, shi ne tashar jiragen ruwa mafi arziki a Sikotilan. Daga can ake fitar da ulu da ƙiraga zuwa masaƙan Filandas, a shigo da yadi da giya da kayan yaji. Fataken Filandas suna da babban masaukinsu a garin, wanda ake kira Jan Zaure.

Daren da ya sauya komi

'Ya'yan Sarki Alekzanda uku duk sun riga shi rasuwa, tsakanin 1281 da 1284. Ya sake aure domin neman magaji. A daren 19 ga Maris na 1286, bayan ya tashi daga majalisa a Edinbara, sai ya dage zai koma wurin amaryarsa duk da iska da duhu. Ya rabu da 'yan rakiyarsa a hanya, da gari ya waye aka tsinci gawarsa a bakin teku kusa da Kinghorn, ya faɗo daga doki. Robat bai cika shekara 12 ba.

Abin da ya rage na jinin sarki shi ne jikanyarsa Margaret, 'yar sarkin Norwe, yarinya 'yar shekara 3. Manyan ƙasa suka zaɓi mutum 6 su riƙe mulki da sunanta. Tsohon Annandale bai tsaya jira ba. A watan Satumba na shekarar ya tara abokansa a Turnberry suka ƙulla alkawarin taimakon juna, kuma shi da ɗansa suka kama gidajen sarki na Dumfries da Wigtown, da Buittle na gidan Baliyol, abokan takararsu. Masu riƙon ƙasa suka kashe wutar. A 1290 aka shirya cewa Margaret za ta auri ɗan Sarki Edwad, amma a kan hanyarta ta zuwa daga Norwe ta rasu a tsibiran Orkney tana da shekara 7.

Nan take tsohon ya nufi Perth da mayaƙa, ƙasa ta kama hanyar yaƙin basasa. Domin gudun haka aka nemi Sarki Edwad ya shiga tsakani. Wannan shi ne ba kura ajiyar nama. Da aka taru a Norham a 1291, Edwad ya ce ba zai raba gardama ba sai duk masu neman sarautar sun yarda shi ne uban gidan Sikotilan. Suka yarda, tsohon Burus na cikin na farko. Mutum 13 suka gabatar da kansu, amma kowa ya san takarar ta mutum biyu ce.

Ga yadda lissafin yake. Dauda mai Huntingdon ya bar 'ya'ya mata. Jon Baliyol jikan babbar ne, Burus kuwa ɗan ta biyu ne. Baliyol ya ce ɗakin babba shi ne gaba. Burus ya ce ɗa ya fi jika kusa. Aka naɗa masu sauraren shari'a 104: 40 na Burus, 40 na Baliyol, 24 na Edwad. Ranar 17 ga Nuwamba na 1292, a Berwick, aka ba Baliyol gaskiya, aka naɗa shi a Scone ranar 30 ga watan.

Gidan Burus ya ga inda aka dosa tun kafin a karanta hukunci, sai suka yi wata dabara. Tsohon ya miƙa haƙƙinsa na neman sarauta ga ɗansa, domin kada maganar ta mutu. Ɗan kuma, wanda matarsa Marjori ta rasu a shekarar, ya sauka daga sarautar Carrick ya bar wa Robat. Daga nan ya tafi Norwe a 1293 ya kai 'yarsa Isabel ta auri Sarki Erik, bai tsaya yi wa sabon sarki caffa ba. Haka Robat ya zama hakimin Carrick yana da shekara 18, da gadon wata magana da kakansa ya ɗora masa, cewa sarautar tasu ce aka ba wani. Kakan ya rasu a Lochmaben a 1295.

Iyaka ta rufe

Sarki Jon bai ji daɗin sarauta ba. Edwad ya riƙa kiransa Landan ya amsa ƙarar talakawansa, a 1294 kuma ya umarce shi ya kawo mayaƙa zuwa yaƙin Faransa. Manyan Sikotilan suka ce abin ya isa. A 1295 suka kafa majalisar mutum 12 suka kuma ƙulla ƙawance da Faransa. Masu ƙarfi a wannan majalisa su ne gidan Komin, surukan Baliyol, kuma manyan abokan gabar gidan Burus.

To ina Burus za su tsaya? In sun bi Sarki Jon, sun ƙarfafa wanda suke ganin ya zauna a kujerarsu, kuma Edwad zai cinye gonakinsu na Ingila. In sun bi Edwad, za a ƙwace Annandale. Suka zaɓi Edwad, wanda ya ba mahaifin Robat tsaron garin Carlisle. Sarki Jon kuwa ya ƙwace Annandale ya ba wani ɗan gidan Komin. A watan Maris na 1296 rundunar Sikotilan ta kai wa Carlisle hari, gidan Burus ne ya tsare garin. Wato a karon farko na yaƙin 'yancin Sikotilan, gidan gwarzon nata yana gefen Ingila.

Ranar 30 ga Maris Edwad ya auka wa Berwick. Aka kashe dubban mutane, maza da mata. Fataken Filandas kimanin 30 suka ƙi miƙa wuya a Jan Zaure, aka cinna masa wuta suna ciki. Garin bai sake komawa matsayinsa na da ba. A watan Afrilu aka karya rundunar Sikotilan a Dunbar, a Yuli aka tuɓe wa Sarki Jon kayan sarauta aka tafi da shi Landan, aka haɗa da dutsen Scone da ake naɗa sarakuna a kansa, wanda ba a mayar da shi Sikotilan ba sai a 1996. An ce mahaifin Robat ya tuna wa Edwad maganar sarauta, Edwad ya sallame shi da gatse, ya nuna masa cewa bai ci ƙasa da yaƙi domin ya ba wani ba. Abin da suka samu kawai shi ne an mayar musu da gonakinsu.

A wannan tsakani Robat ya auri Isabela 'yar hakimin Mar, ta haifa masa 'ya mace, aka sa mata sunan kakarta Marjori, uwar kuwa ba ta daɗe ba ta rasu.

Raba ƙafa

A 1297 tawaye ya tashi, Wiliyam Walas a kudu, Andiru Mori a arewa. Aka kira Robat Carlisle aka rantsar da shi, aka tura shi ya hukunta gidan Daglas da ke cikin masu tawaye. Ya je, amma daga can sai ya juya. Ya tara baraden mahaifinsa na Annandale ya shaida musu cewa ba zai iya yaƙar mutanen da aka haife shi a cikinsu ba, ya nemi su bi shi. Suka ƙi, domin uban gidansu na tare da Edwad. Sai ya wuce Carrick ya tara mutanen uwarsa. Yana da shekara 22.

A watan Yuli shi da wasu manya suka sasanta da Ingila a Irvine, aka nemi ya ba da jaririyarsa garkuwa, bai bayar ba. Walas da Mori suka ci nasara a gadar Stirling cikin Satumba, amma Edwad ya rama a Falkirk a watan Yuli na 1298. Robat ya ƙone gidan ganuwa na Ayr domin kada Ingila ta amfana da shi. Kafin ƙarshen shekarar aka naɗa shi mai riƙon ƙasa tare da Jon Komin na Badenoch, ɗan 'yar'uwar Sarki Jon. Zama bai yi daɗi ba. A wani taro a Peebles cikin Agusta na 1299 gardama ta ɓarke har Komin ya shaƙe shi a wuya, sai da aka raba. A 1300 Robat ya bar muƙamin.

Matsalarsa a fili take. Duk yaƙin ana yin sa ne da sunan Sarki Jon, kuma a 1301 labari ya bazu cewa Faransa za ta maido shi. In Jon ya dawo, gidan Burus ya ƙare. A farkon 1302 Robat ya koma ya yi wa Edwad caffa, a shekarar kuma ya auri Elizabet 'yar hakimin Ulster, babban na hannun daman Edwad a Ailan. Wannan shi ne abin da masu sukarsa ke riƙewa har yau, suna cewa jemage ne, ba ga tsuntsu ba ga dabba, alhali Walas bai taɓa rusunawa ba har aka kashe shi a Landan a 1305. Masu kare shi kuma na cewa kusan duk manyan ƙasar sun miƙa wuya, har shi Komin a 1304, kuma mai riƙe da amanar gida da gonaki da dubban talakawa ba ya tafiya kamar wanda ba shi da kaya a ka.

A watan Afrilu na 1304 mahaifinsa ya rasu, komi ya dawo hannunsa: Annandale, gonakin Ingila, da maganar sarauta. Ranar 11 ga Yuni, yana cikin rundunar Edwad da ke kewaye da Stirling, ya keɓe da Bishop Lamberton a Cambuskenneth suka ƙulla yarjejeniyar sirri ta taimakon juna, da tarar fam 10,000 a kan duk wanda ya saɓa.

Ranar 10 ga Fabrairu na 1306 ya gana da Jon Komin a wani ɗakin ibada a Dumfries. Magana ta yi zafi, Robat ya soke shi, mutanensa suka ƙarasa. Kisan kai ne a wuri mai alfarma, kuma babu mai wanke shi daga wannan. Paparoma ya kore shi daga coci, dangin Komin suka zama maƙiyansa na har abada, hanyar komawa wurin Edwad kuma ta toshe. Ranar 25 ga Maris aka naɗa shi sarki a Scone yana da shekara 31.

Abin da aka biya

Yanzu mu koma kan sunayen da muka ce ku riƙe. Edwad ya ƙwace duk gonakin gidan na Ingila. Aka kashe Nil a Berwick a 1306, aka kashe Tomas da Alekzanda a Carlisle a 1307. Aka sa Meri cikin keji a Roxburgh, aka kulle Kiristina da ƙaramar Marjori a gidajen mata masu ibada, matarsa Elizabet kuwa ta yi shekara 8 a tsare. Edwad ƙanensa, wanda shi kaɗai ya rage, ya mutu a fagen yaƙi a Ailan a 1318.

Shi kuwa Robat, bayan gudun hijira da yaƙin sunƙuru, ya karya rundunar Ingila a Bannockburn a watan Yuni na 1314, ya ƙwato Berwick a 1318, kuma a 1328 Ingila ta sa hannu ta amince Sikotilan ƙasa ce mai sarkinta. Ya rasu ranar 7 ga Yuni na 1329 a Cardross. Ta wurin 'yarsa Marjori aka sami jikansa Robat na biyu, sarkin farko na gidan Situwat, kuma daga wannan zuriya Jemis na shida ya fito, wanda ya gaji sarautar Ingila ita kanta a 1603.

Abu na ƙarshe da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne wata doka da majalisar Robat ta yi a Cambuskenneth a watan Nuwamba na 1314. Dokar ta ce duk mai ƙasa a Sikotilan da bai zo ya yi masa caffa ba ya rasa gadonsa. Da wannan, da kuma yaƙin da ya biyo baya, zamanin riƙe gona a gefe biyu da bauta wa sarki biyu ya zo ƙarshe. Wato ɗan gidan da ya yi kusan shekara 200 yana cin arzikin iyaka buɗaɗɗiya, shi ne ya tilasta wa kowa ya zaɓi gefe guda. Ƙasa ta sami 'yancinta, amma mutanen bakin iyakar sun yi ƙarni biyu da ɗoriya cikin hari da ramuwar hari, Berwick kuma ta yi ta sauya hannu har ta zauna a gefen Ingila a 1482.